Kayan Jegon da Na Kai Lyon

Tun da na dawo daga Faransa ƙofar gidana ba ta huta ba. Duk wadda ta shigo, da an gama sannu da hanya, tambayarta biyu ce: me aka samu, kuma wane suna aka sa. Ni kuma sai in ɗauko zancen sanyi, in ce a can ko rana ta fito haske kawai take bayarwa. In ƙara da labarin jirgin da ke bi ta ƙarƙashin gidajen mutane. Maƙwabciyata Hajiya Balki ta saurari labarin sanyin nan sau uku, a na huɗu ta ce, "Zuwaira, mu fa ba sanyi muka aike ki karɓowa ba." Gaskiyarta. To ga shi a rubuce, kowa ta karanta ta bar ni in sha iska.

Zan faɗi ƙarshensa tun yanzu don kada wata ta zauna jiran guɗa. Jikana bai zo da rai ba. Abin da ya ci mana kwanaki a can shi ne neman a ba mu shi mu binne, domin a ƙa'idarsu ta lokacin, wanda bai kai wani awo ba ƙona shi ake yi tare da sauran abin da likitoci ke cirewa daga jikin mutane. Sauran duk hanya ce, kuma ita ma zan ba ku.

Waɗanda suka san ni sun san shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin ungozoma a gidan haihuwa nan Damagaram kafin in ajiye. Wadda na je wa ita ce Uwani, 'yar farina, tana aure a Lyon. Uwani sunan gida ne. Kafin tafiyar nan, na yanka bai taɓa fita daga bakina ba, kamar yadda kowace uwa mai kunya take yi da ɗan fari. Mijinta Laminu ɗan nan garin ne, karatu ya kai shi can, aikin binciken ruwan sha ya riƙe shi.

A bazarar 2008 Laminu ya kira ni. Bayan mun gaisa har kan akuyoyin gida, ya ce, "Hajiya, in da hali ana son ganinki a nan." Uwani ta karɓi wayar ta ce jikinta ne ya yi nauyi. Shi ke nan abin da aka faɗa mini. Ni da na ƙare rayuwata ina tambayar 'ya'yan mutane yaushe suka yi ɓatan wata, ban iya tambayar tawa ba. Sai na yi lissafi da kaina: ba a kiran uwa ta ƙetare teku sai haihuwa ta gabato, don haka ciki ya kai wata takwas. Matan unguwa suka taru suka daka mini yaji. Na haɗa kanwa, surfaffen gero, busasshen ganyen darbejiya na wanka, da kilishi na tsaraba. A can ƙasan akwati na ɓoye zanen goyo biyu, don ba a nuna kayan ɗan da bai iso ba.

Motar Yamai ta tashi da asuba. Wanda ke kusa da ni wani ɗan kasuwa ne mai zuwa Ƙonni, kuma jakar yajin tana ƙarƙashin kujerarsa. Ya fara atishawa kafin mu kai Takeita. Ya zargi ƙura, ya zargi turaren wata mata, ya zargi direba. Ni dai na yi ta ce masa yarhamukallahu har ya sauka.

A ofishin biza wata Baturiya a bayan gilashi ta tambaye ni dalilin tafiya, na ce haihuwar 'yata. Ta ce yaushe ake sa ran haihuwar. Na ce wannan sai Allah. Ta duba takardarta sama da ƙasa, ta ce ba ta da gurbin rubuta haka. Sai na ba ta wata daga kaina, ta rubuta, hankalinta ya kwanta. Nan na fara gane cewa mutanen nan ba su yarda abu ya faru ba sai ya shiga gurbi. Mako biyu na zauna a Yamai kafin bizar ta fito, kuma ko a jikina, don a lissafina da sauran lokaci.

A filin jirgin Paris 'yan duwan, wato kwastan, suka tare ni. Kilishi suka fara ɗaukewa, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Wanda ya karɓa ya riƙe shi da yatsa biyu yana ɗagawa ga fitila. Da suka kai ga kanwa sai aka kira wani babba, shi ma ya kira kare. Karen ya shinshina kanwa bai ce komai ba, ya juya ga yaji, ya yi atishawa irin ta mutumin Ƙonni. Na yi musu bayani da Faransancina na lakwal, wato na makarantar boko, cewa kunu ake damawa da ita don ruwan nono ya zo. Da na ga ba su gamsu ba na ɓalli kaɗan na tauna a gabansu. Suka tsaya suna kallona na ɗan lokaci, ina jin jira suke in faɗi. Ban faɗi ba, suka sake ni.

Yayana Malam Isufu ne ya tarbe ni. Ya fi shekara talatin a can, yana zaune a Sevran, bayan gari, a hawa na goma sha ɗaya. Ranar asansar, wato akwatin da ke ɗaga mutane sama, ba ta aiki, don haka geron Damagaram da ya hau mota ya hau jirgi, a kafaɗa ya ƙarasa. Yaya yana aiki a Rungis, babbar kasuwar da ke ciyar da Paris, a ɓangaren nama. Da dare yake fita, da rana ya yi barci, saboda haka gidan duk da raɗa ake magana har la'asar. Matarsa Hajiya Rakiya ta tuƙa mini tuwo da garin alkama, ya yi daɗi in dai mutum bai tuna na gida ba. Ta kuma ba ni cukunsu in ɗanɗana. Namu cukun bushewa yake yi ya yi tauri, nasu sai ya ruɓe suke ƙara masa kuɗi. Na ci don girmamawa, na nemi ruwa.

Niyyata in kwana ɗaya in wuce. Yaya ya ce ba a yi haka ba, shekara tara rabonsa da ni, ga mutanen Damagaram na son zuwa gaisuwa. Babba ya yi magana, na zauna kwana uku. Kullum ina kiran Lyon, kullum Laminu na cewa, "Da sauƙi, Hajiya, alhamdu lillahi." Na ce a ba ni Uwani, ya ce tana hutawa. Na ce a bar ta, mai ciki da barci.

'Yar Yaya, Nafisa, a can aka haife ta, tana karatun shari'a. Hausarta tana tafiya ne da sandar Faransanci. Ita ta zaga da ni gari. Ta kai ni na ga dogon ƙarfen nan da kowa ke ɗaukar hoto a gindinsa. Ƙarfe ne, kuma dogo ne, iyakar abin da zan ce ke nan. Abin da ya fi tsaya mini shi ne unguwar Porte de la Chapelle, inda na ga wani mutumin garin Tawa yana gasa masara a cikin keken tura kaya na kanti, ido ɗaya a kan wuta, ɗaya a kan hanyar 'yan sanda. Ya ji ina Hausa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ƙi karɓar kuɗin masara. A cikin jirgin ƙasa kuwa na yi wa mutum biyar sallama, ɗaya ce ta amsa, ita ma canza kujera ta yi.

Teburin cin abincin gidan cike yake da takardun Nafisa. Rana ta biyu na sauke tukunyar miya, na rasa inda zan ajiye, na ɗora a kan wasu daga ciki. Ta yi ƙara har ta kusa tada ubanta.

"Tanti! Hukuncin kotu ne wannan!"

Na ɗaga tukunyar. Mai ya riga ya zana da'ira a shafin farko. Na ce kotun ta yi haƙuri, wane ne aka ɗaure?

"Ba kowa. Bon, ki zauna." Ta jawo mini kujera. "A nan doka ta ba mace dama ta zubar da ciki har mako goma sha biyu. An kai dokar gaban masu duba tsarin mulki, suka ce ba ta saɓa ba, 'yancin mace ne. Kin gane? To yanzu, wata biyu da suka wuce, babbar kotu ta yanke wani hukunci. Da, in ɗa ya zo ba rai, sai ya kai mako ashirin da biyu ko rabin kilo ake yi masa takarda. Kotu ta ce wannan awon ba ya cikin doka. Komai ƙanƙantarsa, iyaye na iya neman takarda, su sa masa suna, su binne."

Na ce to ina laifin?

"Laifin? Yau suna, gobe a ce mutum ne cikakke, jibi a ce wadda ta zubar ta yi kisa. C'est dangereux, haɗari ne, Tanti. Abin da zan faɗa a aji ke nan."

Na gaya mata ni ba na son zubar da ciki, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Na kuma gaya mata cewa da hannun nan nawa na wanke 'yan matan da suka sha abin da suka sha a ɓoye, aka kawo mana su bayan lokaci ya ƙure, kuma fuskokinsu ba su bar ni ba. Ta ce to ina na tsaya. Na ce a bakin gado nake tsayawa, can aka koya mini. Sai ta tambayi yadda muke yi da ɓari a gida. Na ce tsohuwa ce take naɗewa a tsumma, a tona rami bayan ɗaki, a ce da uwar Allah ya ba da rayayye, ba a sake tada zancen. Ta ce, "Uwar fa, me take cewa?" Na ce ba a tambayarta. Na tashi na duba miya.

Ranar tafiyata Yaya ya dawo daga aiki da tsarabarsa: ƙafafun saniya huɗu, an babbake an wanke, a cikin jakar sanyi. Ya ce maijego ba ta yi sai da ƙauri, kuma na Lyon bai yarda da yankansu ba. Da su na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya, awa biyu zuwa Lyon. Matar da ke fuskantata tana da ƙaramin kare a cinya, da rigarsa, da tikitinsa. Tun daga Paris har muka isa bai ɗauke ido daga jakata ba. Matar ta tambaye ni me ke ciki, na ce magani.

Laminu yana jirana a tasha. Ya durƙusa a kan siminti ya gaishe ni, Turawa na kewaye shi da akwatunansu. Ya karɓi kaya. Na ce yaya mai jiki, ya ce da sauƙi. Sai da muka shiga mota, ya sa makulli bai tayar ba, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri."

Cikin bai cika wata biyar ba. Wata guda ke nan likita ya kwantar da ita saboda bakin mahaifa ya fara buɗewa, kuma don in zauna kusa da ita aka kira ni, ba don jego ba. Shekaranjiya abin ya zo. Na lissafa, lokacin ina gindin ƙarfen nan ina ɗaga kai. Na ce, "Laminu, don me ba ka faɗa mini ba?" Ya ce, "Hajiya, ba a faɗin irin wannan a waya." Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan ɗora wa, domin da ni ce a wurinsa haka zan yi. Muka tafi asibiti da ƙafafun saniya a kujerar baya.

Uwani na kwance, fuskarta ga bango. Na ce sannu, ta ce yauwa. Na ɗauki takardar da ke ƙafar gado na karanta, don shi na iya. Ungozomar ɗakin, wata doguwar mata mai suna Odile, da ta ji aikinmu ɗaya sai ta ja ni gefe ta ce ko ina son ganin ɗan. A gida ba ma nunawa, ɗaukewa muke yi kafin uwa ta ɗaga kai. A nan sun sa masa hula 'yar mitsitsiya wadda wasu tsofaffin mata ke saƙawa don irin wannan, sun naɗe shi a farin ƙyalle. Na so in ce wannan ƙarin ciwo ne. Amma na duba. Namiji ne, bai fi tafin hannuna da rabi ba, yatsunsa cif, kunnuwan Laminu sak.

Odile ta yi mini bayani. Ba a binnewa sai da izini, izini ba ya fita sai ofishin magajin gari, wanda suke kira meri, ya yi takarda. Namu mako ashirin ne da 'yan kwanaki, nauyinsa bai kai ba. Ta ce za ta riƙe mana shi har Juma'a, bayan nan ba hannunta. Ranar Litinin ce. Da na koma ɗaki Uwani ta juyo ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Ta ce, "Inna, kada su ƙona shi." Tunda na haife ta ba ta taɓa roƙona ko ɗankunne ba.

Talata muka je meri ni da Laminu. Muka ja lamba muka zauna tsakanin masu neman ɗaurin aure. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu mace ce mai ladabi, tabarau rataye a wuya. Ta ce tana taya mu baƙin ciki, kuma na yarda da gaske take. Ta buɗe wani kundi, ta ɗora rula a ƙarƙashin layi, ta juyo mana shi: mako ashirin da biyu, ko rabin kilo. Laminu ya ce saura kwana goma kacal. Ta ce ta sani. Na ce ni ungozoma ce, na gan shi, ba abin da ya rage a halittarsa. Ta ce ba ta musa ba, amma ba ta da gurbin.

A matakalar fita na tuna da'irar man miya. Na karɓi wayar Laminu na kira Nafisa. Ta fara gaisuwa, na katse ta. Na ce Uwani ta yi ɓari, namiji, mako ashirin, meri sun hana takarda, Juma'a za a ƙona. A rayuwata ban taɓa faɗin mugun labari tsirara haka a waya ba, har Laminu ya sunkuyar da kai. Nafisa ta ce, "J'arrive, ina zuwa, Tanti. Gobe da safe."

Ranar Laraba Nafisa ta iso da baƙar riga irin ta masu zuwa neman aiki. Muka koma wurin mai tabarau. Nafisa ta ajiye takardar a kan tebur, da da'irar man miyan da komai, har ƙamshin daddawa na tashi kaɗan. Faransancin da ya fito daga bakin yarinyar nan ba irin namu na lakwal ba ne. Ta ce kundin umarnin ofis ne, wannan kuwa hukuncin babbar kotu ne, kuma umarnin ofis ba ya hawa kan doka. Matar ta ce ta ji labarin hukuncin a rediyo, amma ba a aiko musu sabon umarni ba. Nafisa ta ce to a rubuta mata ƙin a takarda, da sa hannu, da dalili. Na lura wannan maganar ta fi duk sauran aiki. Matar ta sa tabarau, ta karanta shafin har inda mai ya ci, ta ce za ta tambayi ofishin alƙalin da ke sa ido a kan rajistarsu, mu dawo gobe.

Muka zauna a kan benci bakin kogi muna cin burodi. Na ce da Nafisa, "Ba ke kika ce hukuncin nan haɗari ne ba?"

"Har yanzu ina tsoronsa, Tanti. Kuma ranar Litinin zan faɗa a aji."

"Amma kin hau jirgi da shi."

"Uwani na son ɗanta." Ta karya burodin ta miƙo mini rabi. "Wadda ta ce ba ta iya riƙe cikin, a saurare ta. Wadda ta ce nawa ne ku ba ni, a saurare ta. Ni ban ga inda na canza ba."

Na karɓa na kai baki. Burodin ƙasar nan yana son tauna.

Alhamis aka sallami Uwani, ta ce ƙafarta ƙafarmu. Mai tabarau ta tarbe mu tsaye, ta ce an amince. Ta fara cika gurabe, rana, sa'a, sunan uba, sunan uwa. Sai ta ɗaga kai ta ce wane suna za a sa wa yaron. Laminu ya gyara zama. Ya yi mata bayani cewa a wurinmu sai rana ta bakwai ake raɗa suna, da rago, da malamai, kuma wanda bai yi kuka ba ba a raɗa masa. Matar ta ce ba dole ba ne, ana iya barin gurbin fili. Uwani ta ce, "Ba za a bar shi fili ba." Laminu ya dube ta, ya bar mata zancen, kuma na ga girmansa ranar. Ta juyo gare ni.

"Inna, rabin 'ya'yan Damagaram ta hannunki suka zo. Ki ba shi."

Ban yi tunani ba. Na ce Habibu. Matar ta ce in faɗi haruffan ɗaya bayan ɗaya, na faɗa, ta rubuta, ta buga hatimi. Ta kuma rubuta shi a littafin iyalinsu, ƙaramin littafin da ake ba kowane ma'aurata a can, a shafin ɗa na farko.

Juma'a muka binne shi a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a bayan gari. A can dole sai da akwati. Fari ne, Laminu ya ɗauke shi a hannu biyu kamar mai kai kwanon abinci. Wani tsohon malami ɗan Maroko ya yi addu'a. A gida mata ba sa bin gawa, amma Uwani ta ce za ta, ni kuma ba na barin mai ɗanyen jiki ta tafi ita kaɗai. Da shekaruna sittin, ranar na fara ganin yadda ake rufe kabari. Nafisa ta tsaya can baya, ta yafa gyalen da na ara mata a karkace, tana kuka fiye da kowa.

Da muka dawo gida ruwan nono ya zo wa Uwani. Jiki bai san abin da ya faru ba. Na ce to jego jego ne. Na fito da ƙafafun saniya da suka cinye firjin gidan kwana biyar, na dafa ƙauri da yajin matan unguwa. Na dama kunun kanwa. Wanka ne ya ba ni wuya. Banɗakin bai fi kabad ba, ruwan famfo kuma ɗumi kawai gare shi, sai na riƙa tafasawa a tukwane uku ina jera su a ƙofa. Laminu, don kunyar suruka, yakan fice tun da sassafe ya je ya zauna a tashar bas har mu gama. Maƙwabcin ƙasa ya hau sau biyu yana tambaya ko wani abu ne ke ƙonewa.

A safiya ta huɗu, ina tsoma ganye a ruwan zafi ina jijjiga wa Uwani a baya, tururi ya rufe mu ba mai ganin fuskar wani, ta ce, "Inna, ba mu da Habibu a dangi. Ina kika samo shi?"

Wataƙila don tururin ne na faɗa. Na ce kafin ke akwai wani. Wata biyar, kamar wannan. Ina da shekara goma sha tara. Kakarki ta naɗe shi a tsohon zane ta kai bayan rumbu, ban ga fuskarsa ba, ba a ce mini ko namiji ne ko mace ba. Washegari aka ce in tashi in share tsakar gida kada in sa abin a rai. Tun yana motsi nake kiransa Habibu a cikina. Ko ubanku bai sani ba har ya koma ga Allah. Wurin ma yanzu garejin mota ne.

Na ci gaba da jijjiga ganye. Can ta ce, "Ashe ba ni ce ta fari ba."

Na ce a lissafin mutane ke ce.

"A naki fa?"

Na ce ruwa na hucewa, ta juyo.

Ta juyo. Ta ce, "Shekara talatin da uku kina mini kunyar da ba tawa ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, har da 'yar dariya. Ni ce ban yi dariya ba. Na ji kunya irin wadda ban saba da ita ba, na kuma ji tausayinta, yarinyar da ta tashi tana jin ina kiran sunan ƙannenta shida daga bakin murhu, ita kuwa sai "ke" da "yarinyar nan".

Na cika mata arba'in cif. Ranar komawa suka raka ni tasha. Akwatina ya yi sauƙi, gero ya ƙare, yaji ya ƙare. Zanen goyo biyu na bari a ƙasan kabad ɗinta ban gaya mata ba. Laminu ya durƙusa ya yi sallama, ya matsa gefe. Na hau, na tsaya a bakin ƙofa, ita tana ƙasa ta harɗe hannu cikin rigar sanyi. Aka busa usur. Na buɗe baki na kira ta da sunan da aka yanka mata rago da shi. Bai fito da kyau ba, ya yi tsatsa. Amma ta ji, don ta amsa da ƙarfi har wani Bature ya waiwayo, ta ce, "Na'am, Inna." Ƙofa ta rufe kanta, don ƙofofin can ba sa jiran kowa.

Daga nan sai Paris, sai Yamai, sai motar gida, kuma ba wanda ya yi atishawa.

To Hajiya Balki, da ke da sauran masu tambaya, ga amsarku, a daina cewa na ɓoye. Namiji aka samu. Yana kwance a Lyon, layi na uku daga bakin ƙofa, kusa da wata bishiya da ban san irinta ba. Sunansa Habibu. Sunan uwarsa Hadiza.